Ɗaki na Kaya Ne ko na Mutane?



Wani sabon yayi ya shigo mana ta wayar hannu, kuma tunda ya fara taɓa zancen aure da zaman gida, ya kamata mu tsaya mu dube shi. Yaranmu, musamman 'yan mata masu shirin aure da samarin da suka fara kama ɗaki, suna kallon hotunan ɗakuna a Instagram da TikTok: bango fari fat, ƙasa babu tarkace, kujera ɗaya ko biyu, tabarma a shimfiɗe, an kafe ƙwarya ko faifai a bango, ga tukunyar ƙasa a lungu an soka mata busasshiyar ciyawa. Abu biyu aka haɗa. Akwai taƙaita kaya, wato kada ka bar komai a ɗaki sai abin da ba makawa, wanda yaran ke kira minimalis. Akwai kuma adon karkara, irin su katakon da ba a sa masa sheƙi ba, da yumɓu, da saƙar hannu. Kuma wai kai da kanka za ka yi, ba sai ka kira mai ƙawata gida ba.

Duk wanda ya haura hamsin a cikinmu, in aka miƙo masa wayar ya duba, dariya ce ke fara kama shi. Ai wannan ɗakin kakarmu ne a ƙauye! Daɓe a ƙasa, farar ƙasa a bango, tabarmar kaba, randa a bayan ƙofa, ƙore a ragaya. Abin da iyayenmu suka hau jirgin ƙasa suka yiwo kudu don su fita daga cikinsa, shi ne yau ake kashe kuɗi a kwaikwaya. To, mun yi dariyar. Amma zancen ya fara shiga gidaje. Amarya ta ce ba ta son jere, uwa ta ce sai an yi don kada a zage ta. Miji ya ce a kwashe wannan shirgin, mata ta ce guminta ne yake kira shirgi. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan ja-in-ja ita ce: shin rage kaya alheri ne a kan kansa? Wanda ya bar ɗakinsa fayau ya fi wanda ya cika nasa? In kuma za a rage, wa ke da ikon cewa wannan ya fita, wannan ya zauna?

Mu fara da yadda aka yi ɗakunanmu suka cika. An kafa Sabon Ibadan a 1916, kuma abin da ya riƙe unguwar tun farko shi ne shanun da ke gangarowa daga arewa da goron da ke hawa can. Fatauci irin wannan ba ya yiwuwa sai da masauki. Darajar maigida ita ce yawan ɗakunan da zai iya buɗe wa fatake, kuma ɗakin baƙo ba komai a ciki sai tabarma da buta da ƙusar rataye riga. Cikin gida kuwa, wajen mata, labari ya sha bamban. Wani malamin jami'a daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a 1962 da 1963, ya rubuta littafi a kanmu wanda ya fito a 1969. Cikin abubuwan da ya lura da su har da kwanonin matan Sabo, masu fenti kala-kala, ƙirar ƙasar Chekoslobakiya, an jera su ɗaya kan ɗaya suna neman taɓo rufi. Mu da muka tashi a gidajen nan ba sai an ba mu labari ba. Mun ga kwalla da langa da fanteka, mun kuma sha duka a kan taɓa su.

Mai kallo daga waje zai ce ɓarnar kuɗi ce. Amma waɗannan kwanoni banki ne. Mace tana cikin kulle, tana soya ƙosai ko tuƙa tuwon sayarwa, yara na kai talla. Ribar da ta samu ba ta da inda za ta ɓoye ta daga hannun miji ko na ɗan'uwa, sai ta mai da ita kwano. Ran da ciwo ya zo, ko miji ya yi karayar arziki, ta kira dillaliya ta miƙa mata seti ɗaya, kuɗi ya shigo. Ran da 'yarta za ta yi aure ta raba jeren biyu. Ashe lissafi ne a jere a bangon nan, kuma lissafin mai hankali.

Na yau fa? Nan ne muke da magana. Kwanon da, in ka ajiye shi shekara goma yana nan. Kayan ɗakin yanzu kuwa, gado da wadirof da madubi da teburin tsakiya da shogilas, yawancinsu da garin katako ake yin su, a matse shi da gam a lulluɓe da leda mai sheƙi. Mu da ke Ibadan mun san abin da damina ke yi masa. Ruwa ya fara tun Maris ko Afrilu, ba zai ɗauke ba sai wajen Oktoba. Danshi ya hau bango, ƙafar wadirof ta sha ta kumbura, ta fara zubar da gari. In mai gidan haya ya ba da notis aka kwance aka sake ɗaurawa sau ɗaya, na biyu ba zai ɗauru ba. Kai shi wajen masu sayen tsofaffin kaya ka ji abin da za su taya. Ga shi tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, kuɗin katifa da katako da yadin labule ya tashi yadda kowa ya sani. Uba ya ci bashi, uwa ta kwashi adashi biyu tun zubi bai yi nisa ba, don a cusa kayan falo uku a ɗaki ciki da falo. A yi jere, 'yan kallo su yi guɗa su watse, amarya ta wayi gari tana raɓe-raɓe kafin ta kai bakin gado. Akwai 'yan mata a unguwar nan da aka ɗaga aurensu sau biyu sau uku, ga miji a hannu, kaya ne kawai ba su haɗu ba. Masu magana sun ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.

A nan yaran suna da gaskiya, kuma ya kamata mu manya mu faɗa musu haka ba kwana-kwana. Malamanmu na Malikiyya, abin da suka ɗora wa amarya shi ne ta yi kayan ɗaki da sadakin da ta karɓa gwargwadon al'ada. Ba su ce uba ya jinginar da shagonsa ba. Kayan da Nana Faɗima ta tare da su gidan Sayyidina Ali an ƙirga su a ruwayoyi: mayafi, da salkar ruwa, da matashin fata, da dutsen niƙa, da tuluna. Da a yau ne, amalanke ɗaya ya ishe su. Kowa kuma ya san ƙissar Sayyidina Umar, da ya shiga wajen Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya same shi kwance tabarma ta yi masa shaida a jiki, ya tuna daular sarakunan Farisa da Rum, ya fashe da kuka. Ana karanta mana ita a wajen wa'azi, mu share hawaye, mu koma mu ci gaba da cinikin kujeru. Amma akwai wani hadisi a cikin Muslim da ya fi shafar maganarmu, inda aka ƙirga shimfiɗun gida, ta miji da ta matarsa da ta baƙo, aka jingina ta huɗu ga Shaiɗan. Malamai sun yi bayani cewa ana nufin wadda aka ajiye don alfahari, babu mai kwana a kanta. Masu wa'azi ta huɗun suka fi tsayawa a kai. A dubi ta ukun. An rage kaya iya ragewa, amma an bar wa baƙo tasa, wato shi baƙo yana cikin lissafin abin da ba makawa.

Wannan ne ma'aunin da muke ganin ya dace da mazauna Sabo. Fili a tsakar ɗaki shi ma kaya ne, kuma a inda ake biyan haya ya fi kujera tsada. A kansa ake shimfiɗa tabarma a ci tuwo a kwano ɗaya, a kansa mata ke sallah, yaro ke koyon rarrafe, in kuma ɗan'uwa ya sauka daga mota cikin dare ba shiri, a kansa zai miƙe ƙafa. Ba mu manta da Fabrairun 2021 ba, lokacin da rikici ya tashi a kasuwar Sasa, aka ƙona shaguna da gidaje, jama'a suka fake a gidan Sarkin Sasa da gidajen 'yan'uwa, wasu da abin da ke jikinsu kawai. Allah kada Ya maimaita mana. A irin waɗannan kwanaki ɗakin da ke da fili zai kwantar da iyali guda, wanda kujeru suka cinye kuwa sai dai a kwana a zaune. Kushin ba ya naɗuwa.

Sai dai kada wanda ya kwashe kayansa ya ɗauka ya tsira. Hoton nan na cikin waya bai nuna maka komai da komai ba. Ɗakin da ka gani fayau, bayansa akwai sito, akwai ɗakin girki mai kabad har sama, akwai ɗakin yara daban. Kayan suna nan, an dai kawar da su daga idon kyamara. Kuma mai kuɗi ne ke iya zubar da abu, don ya san gobe in ya buƙata zai aika a sayo. Talakan da ke ajiye jarka biyar, famfo ne ba ya kawo masa ruwa. Gwangwanin madara da tsohon bokitin fenti da buhun da aka ninke a ƙarƙashin gado, kowanne yana jiran ranarsa. Matar da ke sayar da abinci, ɗakin kwananta shi ne sitonta, shi ne shagonta. In 'yarta ta dawo daga makaranta ta tsaya a bakin ƙofa tana yatsina fuska wai ɗakin bai yi kama da na cikin waya ba, to raini wannan yarinya ta koyo, ko da ta sa masa suna wayewa.

Yayin yana da tushe a wurare irin su Japan, inda ɗakin gargajiya tabarma ce a ƙasa, da ɗan gajeren tebur, da shimfiɗar da ake naɗewa da safe a sa a kabad, kusan yadda muke yi. Wata mata 'yar can, Marie Kondo, ta yi suna a duniya da koya wa mutane rabuwa da kaya, har aka yi mata shiri a Netflix a 2019. Dabararta ita ce ka ɗauki kowane abu a hannu ka ji ko yana faranta maka rai, in ba ya yi ka sallame shi. Akwai hikima a ciki, amma ma'aunin ya yi mana kaɗan, don ya tsaya a kan ran mai kaya shi kaɗai. Babbar tukunyar da ke cin wuri a bayan ƙofa ba ta faranta wa kowa rai, amma ita ake ara duk suna da duk rasuwa a layin. Ita kanta matar ta faɗa a 2023 cewa tun da ta haifi na uku ta sassauta wa kanta, gidanta ma yana hargitsewa. Iyayenmu mata da suka goyi bakwai takwas sai su ce mata sannu da zuwa.

An taɓa tambayar Manzon Allah game da mutumin da ke son tufarsa da takalminsa su yi kyau, ko hakan girman kai ne. Ya nuna cewa Allah Yana son kyau, girman kai kuwa ƙin gaskiya ne da raina mutane. Saboda haka gyara ɗaki ba laifi. Cutar tana wajen rainin, kuma raini ba ya zaɓen ɗaki. Hajiyar da ke leƙa ɗakin amarya tana ƙirga kujeru don ta je ta ba da labari, da matashin da ke leƙa ɗakin Hajiya yana cewa ƙauyanci, abu ɗaya ke damunsu. Shi ma da ya ɗauki hoton farin bangonsa ya watsa don a ce ya waye, ai jere ya yi, nasa dai babu kwano.

Yanzu ga ɓangaren kayan karkara, wanda ya fi ba mu tunani. Ƙwarya don dama fura aka yi ta, faifai don a rufe ta, akushi don tuwo. To mene ne matsayin mutumin da ya kafe ƙwarya a bango da ƙusa, amma in aka kawo masa fura a irinta sai ya ce a juye masa a kofin gilashi? Ko wanda ya shimfiɗa tabarma don ado, amma in baƙo daga ƙauye ya hau ta da ƙafarsa mai faso sai ransa ya ɓaci? Ba mu ce haramun ba ne, ba mu da wannan hurumin. Amma akwai wani abu mara daɗi a cikin mai da kayan talaka abin kallo alhali kana gudun talakan. Abin da zai wanke mutum daga wannan, a ganinmu, shi ne ya bar kayan su yi aikinsu. A zuba ruwa a randa a sha. Ran da aka ɗauke wuta firij ya koma akwati, ita tana nan. Faifan da ke bango ya zama ana iya sauke shi a rufe kwano. Buzu a yi sallah a kansa. In aka bi haka, haɗa adon gargajiya da taƙaita kaya ba ya ma buƙatar wata dabara, don abu ɗaya ya ɗauki aiki biyu, shi ne kayan aiki kuma shi ne adon, ka ga ba sai an sayo na biyu ba.

Sannan akwai haƙƙin wanda ya yi. Tabarmar kaba mai kyau, sai an yanko kabar an shanya an tsaga an rina, sannan wani ya duƙa kwanaki yana saƙa. Mu 'yan kasuwa mun san halinmu. A babban kanti mukan biya abin da aka rubuta ba mu ce uffan ba, amma in dattijo ya ɗauko tabarmi a ka ya biyo layi, sai mu taya rabin kuɗi mu kafe, don mun san yana neman na mota. A juya takardar naira 20 a duba bayanta. Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya, matar da ta koyi sana'ar tun tana yarinya a ƙauye, aikinta ya kai har Landan aka nuna. Mun sa mai ginin tukunya a kuɗinmu, amma 'yar'uwarta da ke kasuwa muna jayayya da ita a kan abin da bai kai kuɗin katin waya ba.

Ga wanda ya yi niyyar gyara ɗakinsa da hannunsa, akwai abin da hoto ba zai gaya masa ba, wato Ibadan ba Kano ba ce. Kayan arewa don busasshiyar iska aka yi su. Tumtum da matashin fata na Sakkwato, in ka jingina su da bango a tsakiyar damina, ba da jimawa ba za ka ga fumfuna ta hau su. Sai an riƙa fitar da su rana ana gogewa. Tabarmar kaba in tana kwana a kan siminti mai danshi baƙi take yi ta ruɓe, don haka a naɗe ta da safe a tsayar. Ita kanta randa, sanyinta daga ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta ne iska na busar da shi. A nan da iska ke ɗauke da laima ba za ta yi sanyin da take yi a Katsina da bazara ba, sai dai a ɗora ta a inda iska ke wucewa ta yi abin da ya samu. Bango fari fat kuwa, a gidan da ake hura gawayi, ga yara masu hannun manja, kwana nawa zai yi? Tsofaffin gidaje sun riga sun warware wannan: fentin mai mai duhu daga ƙasa zuwa ƙugu, wanda ake wankewa da soso, fari daga nan zuwa sama. Maimakon shogilas kuma, a je kasuwar katako ta Bodija a zaɓi falanki biyu na katakon gaske, a goge da samfefa, a kafa a bango sama da inda hannun yaro zai kai.

Ba dole ma sai daga arewa ba. Mun fi shekara ɗari muna zaune da Yarabawa, muna cin amala muna jin harshensu, amma da wuya ka shiga ɗakin Bahaushen Sabo ka ga adire a matsayin labule ko zanen gado, alhali rinin shuni ne irin wanda muka sani a karofin Ƙofar Mata, kuma ga cibiyarsa nan kusa a Abeokuta. Ga aso-oke na Iseyin da ake kawowa kasuwar Oje. Ga tabarmin Ogotun a jihar Ekiti, waɗanda aka saƙa da tsiron da ya tashi a cikin wannan danshin. Ɗakin da ya haɗa ƙwaryar Kano da adiren Abeokuta ya faɗi gaskiyar mai shi, inda ya fito da inda Allah Ya ajiye shi.

Mu dawo kan tambayar da ta fi zafi, wato wa ke da ikon ragewa. A al'adarmu ɗaki na mace ne. Shi ya sa ake cewa ɗakin wance, kuma in aure ya mutu, Allah Ya kiyaye, ita ke kwashe kaya a bar wa namiji bango huɗu. Kayan nan iyayenta suka yi mata, ko ita ta saya da sana'arta, kuma a shari'a dukiyarta ce. Miji yana amfana da su, amma ba shi da ikon ya sayar ko ya kyautar ba da yardarta ba. Mun fara jin ƙorafi irin wannan a wajen sulhu: Malam ya ji wa'azin gudun duniya, ko ya ga hoto a waya, ya shigo gida da zafinsa ya ce a fitar da kwanoni, a rage akwatuna. To Malam, naka fa? Rigunan shadda goma sha wani abu da ke cikin wadirof, da huluna, da tsofaffin wayoyi da cajojinsu, da ragowar kayan shago da ba su sayu ba ka jibge a falo tun bara? Zuhudu da kayan wani ba shi da wuya. In da gaske ne, mutum ya fara da akwatinsa, ya bar ta ta gani. In ta ga ɗakin ya sha iska ta ce a ɗauke nata kaza da kaza, madalla. In ta ce a'a, wannan langar ta mahaifiyata ce, to magana ta ƙare.

Haka tsakanin uwa da 'ya. Yarinya in ta ce ba ta son a cika mata ɗaki, a saurare ta, ita za ta zauna a ciki, ita za ta share. Amma ita ma ta gane abin da uwar ke gudu. Tana tsoron bakin dangin miji, kada a ce an kawo musu yarinya kamar marainiya, tana kuma son 'yarta ta shiga gidan da abin hannunta. Wannan na biyu gaskiya ne, sai dai kujera ba ta maganinsa. Abin da kwalla ta yi wa kakanninmu, yau sai dai keken ɗinki ya yi shi, ko injin markaɗe, ko firiza ta sayar da ƙanƙara, ko ɗan kunnen zinare da ba ya cin wuri kuma ba ya jin damina. Tsoro na farko kuwa, maganinsa yana hannun dangin ango. In uwar miji ta buɗe baki tun ranar sa rana ta ce, don Allah kada ku wahalar da kanku, ɗakin ƙarami ne, ta kuma hana 'ya'yanta mata zuwa ƙirga, da yawan bashin da ake ci a unguwar nan ba za a ci shi ba.

Akwai kuma wani irin ɗaki fayau da ba za mu wuce ba mu ambata ba, don kada mai shi ya karanta wannan ya ce an goyi bayansa. Shi ne na mutumin da ya shekara talatin a Ibadan yana cewa ai zaman ci-rani ne, gida za mu koma. Katifa ta lotsa ba a sake ba, rufi na yoyo an tara roba, taga babu raga sauro na cin yara, bango bai ga fenti ba tun auren fari. Can garinsu kuwa ya gina gida mai bene da tayil, an kulle, ƙadangaru ke kwana a ciki, sai ya je Sallah ya yi kwana biyar. 'Ya'yansa a nan aka haife su, a nan suka yi wayo, wannan ɗakin mai yoyo shi ne gidan da za su tuna. Rowa ce wannan, ko da an naɗa mata rawani. Iyali suna da haƙƙin mazauni mai kyau gwargwadon ƙarfin maigida a inda suke yau, kuma galan ɗin fenti da ragar sauro ba su kai kuɗin ƙofa ɗaya ta wancan gidan ba.

Wanda ya rage da yardar iyalinsa, saura ya san inda zai kai abin da ya fitar. Kada a jibge shi a bayan gida ruwa ya lalata, kada kuma a jira sai ya mutu sannan a tuna da sadaka. Kowane mako motocin shanu da na albasa da tumatir suna sauke samari a Akinyele da Bodija, yara 'yan shekara goma sha bakwai, ashirin, da 'yar jaka ɗaya, suna kwana a barandar shaguna da harabar masallaci kafin su sami abin yi. Akwai zawarawan da suka fito ba komai, akwai amaren da iyayensu ba su da hali, waɗanda seti ɗaya na kwanonin da ke shan ƙura a saman wadirof ɗin Hajiya zai rufa musu asiri. Limaman layuka da malaman makarantun Islamiyya na mata sun san su ɗaya bayan ɗaya, sun kuma san yadda za a kai ba tare da an kunyata kowa ba. Abin da aka fi nema yanzu da damina ta kama shi ne tabarma, da bargo, da bokiti mai murfi.